Fiyanon da ya fi karan Inna tsawo

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a wurinmu uba ba ya ambatar sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. In yana son ya aike ni, sai ya ce wa iska, "A ce ma waccan ta kawo buta," ko da ina tsaye a gabansa. Inna ma haka take, ta ma fi shi. Maganar da ta fi ta buta girma kuwa sai ta bi ta Tsafe, wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe ni har na shekara bakwai kafin a maido ni Gusau don makaranta. Baba zai buga mata waya, ita kuma ta bugo wayar Inna ta ce a ba ni. Alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu.

Ta wannan hanya maganar fiyano ta bi.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka kawo mana wata malama mai ɗan fiyanonta na lantarki, da take rataye da shi cikin doguwar jaka. Ita ke kaɗa mana waƙar makaranta da safe a kan layi. In an fita tara, sauran yara su tafi sayen awara, ni in tsaya bakin taga ina kallon yatsunta. Ran nan ta ce, "Ke mai gadin taga, shigo." Zango biyu ina koyo a wurinta. Hannun dama ya fara zama, na fara haɗa na hagu, sai aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Bungudu. Ta tafi da fiyanonta, don nata ne.

Ranar da za ta tafi ta yago takarda ta rubuta mini abu uku, ko Allah zai sa wata rana a saya mini nawa. Na ɗaya, kada madannansa su gaza sittin da ɗaya. Na biyu, ya zama mai jin yatsa: in an danna a hankali ya yi magana a hankali, in an danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Na uku, ya kasance da ramin iyafis, abin sawa a kunne, don in riƙa koyo ban dami mutanen gida ba. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin na biyun.

"Wanda ba ya jin yatsa abin wasa ne," in ji ta. "Wata uku za ki gaji da shi, ya kuma ɓata miki hannu."

Bayan tafiyarta na zana madannai da biro a kan kwalin taliya, ina dannawa a gindin darbejiyar tsakar gida. Sau biyu Baba ya wuce ya gan ni. Ni kuwa na cusa kwalin ƙarƙashin tabarma. Mako biyu bayan haka Gwaggo ta sauka daga Tsafe da yammacin Jumma'a.

"Ubanki ya ce ki shirya gobe," ta ce tun ba ta cire gyale ba. "Za a sawo miki molon Turawan nan. Amma ya ce sau ɗaya a kan sayi irin wanga abu. Wanda aka ɗauko, shi ke nan."

Inna na jin mu. Ba ta dube ni ba. Ta tashi ta je darnin awaki da ke bayan zaure, ta zaro karan dawa, ta shiga ɗaki ta auna tsakanin gado da kabet ɗin kwanoninta, ta karye karan daidai nan. Gaɓa biyar ke gare shi, da wani baƙin tabo kusa da ta uku. Ta miƙa wa Gwaggo.

"Ba ni son abin da za a baje tsakiyar ɗaki baƙi su tafi da mu a baki," ta ce. "Abin da ya wuce wanga kara ba shi da wurin kwana nan."

Washegari da hantsi muka tafi mu uku, Baba a gaba, Gwaggo da karanta, ni a baya da takardar Malama dunƙule a hannu cikin hijabi. Shagon yana kusa da babbar kasuwa, cike da lasifikoki irin na masallaci da na biki. Mai shagon mutumin kudu ne, amma Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya jera mana fiyano uku a kan tebur. Ɗaya ƙarami ne, ja, in an taɓa wani maɓalli sai ya kama kiɗa da kansa, madannansa na kawo wuta ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya baƙi ne, ba ado, ba komai. Na ukun dogo ne kamar ƙyauren ɗaki.

Akwai wani mai kiɗan biki zaune a gefe yana jiran a gyara masa lasifika. Ba wanda ya tambaye shi.

"Alhaji, ɗauki jan nan," ya ce. "Akwai kalangu a ciki, akwai ganga. Yatsa ɗaya ya isa, sauran aikin shi zai yi."

"A'a, Alhaji," in ji mai shago, "in karatu za ta yi na gaske, babban ne. Taɓa ka ji nauyin madannan. Irinsa ake koyo da shi har a tsufa."

Gwaggo ta ɗora kara a kan babban. Ya wuce da kamu guda.

"Wanga sai an gina mai ɗaki, a yi mai aure," ta ce.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, kuma yadda ya saba sayen kaya haka ya yi. Ya ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa kamar mai sayen tukunya, ya kasa kunne. Ya ɗaga su ya ji nauyi. Ya kifa na tsakiya ya duba cikinsa kamar ragon layya. Ban san abin da ya ji ba, fuskarsa ba ta nuna ba.

Ni kuwa ƙidaya nake yi da ido, daga inda nake tsaye bayan Gwaggo. Na bi fararen madannan jan, ashirin da tara. Na bi na baƙin, talatin da shida. Na bi na babban, wanda ya fi kowa, hamsin da biyu. Ba wanda ya kai sittin da ɗaya. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko lissafin zai canja. Bai canja ba. Na buɗe takardar a ɓoye, zufa ta jiƙa ta, tawadar ta bazu. Sittin da ɗaya ne ko sha shida? Zango biyu ina taɓa na Malama, ban taɓa tunanin ƙirga shi ba. Ko nata wani iri ne da ba a sayarwa a Gusau? Mai kiɗan biki na ta magana, mai shago na ta magana, jan na ta kiɗa shi kaɗai, har na rasa wanne ne na biyu a takardar, wanne ne na uku.

"Tambaye ta," Baba ya ce wa Gwaggo, "wanne taka so."

Gwaggo ta juyo, kamar ban ji ba. "Ke, ubanki ya ce wanne kika so?"

"Kowanne," na ce, kaina a ƙasa.

Gwaggo ta gyaɗa kai, don haka ta koya mini. Yarinya mai tarbiyya ba ta nuna kaya da yatsa a gaban ubanta. In za a saya mini atamfar Sallah ma haka muke yi: in ce kowacce, ita kuma ta kalli inda idona ya tsaya. To a ranar idona ya koma kan jan, don wutarsa na ta tafiya ba hannun kowa, kuma ina son in ƙirga shi karo na uku.

"Idonta na ga jan," in ji Gwaggo. Ta ɗora kara. Har da saura. "Alhamdu lillahi. Uwarta ma za ta yi murna."

Mai shago ya jawo kwali. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne ban tabbata ba na son jan ba. Yana da kyau. Ko Gwaggo ta fi ni sanin abin da idona ke so? Ai ba ta taɓa kuskure a kan atamfa ba.

"Tsaya," Baba ya ce wa mai shago. "Ni ban taɓa sayen buhun hatsi ban zura hannu ciki ba. Tun ɗazu kai da wanga bawan Allah kuka taɓawa. Mai abin ba ta taɓa ba."

Sai ya dubi mai kiɗan biki. "Malam, taso ka ga wani abu waje."

Babu wani abu a waje sai masu babura. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba mu baya, hannunsa a baya riƙe da carbi, yana kallon titi.

"To, ubanki ba ya nan," in ji Gwaggo. "Taɓa."

Na fiddo hannu daga hijabi. Na danna jan a hankali, ya yi ƙara. Na danna da ƙarfi, ƙarar ita ce dai, kamar mai shela. Babban ban ma daɗe a kansa ba, tunda kara ya riga ya kore shi, amma na ji madannansa suna maido mini da yatsa. Na zo na tsakiya. Da ƙyar na taɓa shi, sai ya amsa ƙasa-ƙasa, kamar yadda nake amsa sunana a aji. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara. Na kaɗa farkon waƙar makaranta da hannun dama, na sa na hagu, na yi kuskure a inda na saba yi. Na leƙa bayansa, ga ɗan ramin iyafis.

"Gwaggo," na raɗa mata, "Malama ta ce sittin da ɗaya. Wannan talatin da shida ne."

"Mi kika ƙirga?"

"Fararen."

"Baƙaƙen nan fa, ba 'ya'ya ba ne? Wa ya ce a fidda su rabon gado?"

Ta sa babban yatsa ta bi su kamar tana jan carbi, fari da baƙi, bakinta na motsi. Kowanne ta taɓa sai ya yi kuka, har mai shago ya juya kai yana dariya. Ta kai ƙarshe ta ce, "Sittin da ɗaya. Kuma ke ce 'yar boko."

Daga bakin ƙofa Baba ya ce wa titi, "Wanga na jin magana."

Gwaggo ta ɗora kara a kan baƙin. Fiyanon ya wuce da yatsa huɗu. Ta juya karan ta sake gwadawa, yatsa huɗun na nan.

"Uwarta ta ce..." in ji Gwaggo.

Baba ya dawo ya dubi karan, ya dubi fiyanon. "A ɗaure shi," ya ce.

A cikin keke mai ƙafa uku muka ɗora shi a cinya ni da Gwaggo, kansa ya leƙa waje. Ban yi murna ba, don na san Inna ba ta maimaita magana.

"In bai shiga ba sai in tafi da shi Tsafe," in ji Gwaggo. "Ki riƙa ganinsa da hutu."

Da muka isa, Baba ya sa aka kwance kwalin a zaure. Ya zaga wurin darnin awaki ya zaro wani kara, ya ɗora a kan fiyanon, ya karye shi daidai tsawonsa. Ya karɓi na hannun Gwaggo ya jefa wa awaki, ya ba ta sabon.

"Ni dai ban ga komai ba," in ji Gwaggo.

Inna ta karɓi karan ta ɗora a kan fiyano. Daidai. Ta kai karan tsakanin gado da kabet, ya ƙi shiga. Ta tsaya tana juya shi a hannu. Gaɓa shida ne, babu baƙin tabo. Ni na gani, ban san ko ita ta gani ba.

"Ikon Allah," ta ce wa bango. "Kara ya girma a hanya."

Sannan ta ce, "Yaya, kama mini can." Suka tura kabet ɗin, kwanoni na kaɗawa, har ya matsa yatsa huɗu. Tun daga ranar ƙofar ɗakinmu ba ta buɗewa duka, sai mutum ya karkata.

Kullum in na dawo Islamiyya sai in jawo fiyanon in ɗora a kan gado, in sa iyafis, yadda Malama ta rubuta. In an ɗauke wuta in sa batir. Ba mai jin komai sai ni. Na ɗauka haka kowa ke so.

Bayan mako uku wayar Inna ta yi ƙara. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Gwaggo ce.

"Ke, ubanki ya ce a tambaye ki, ko abin ya lalace ne? Mako uku yana zaman zaure bayan la'asar, bai ji ko ƙyas ba. Ya ce in cutarsa aka yi a gaya mai."

Na ce, "Lafiyarsa lau."

"To mi ya hana shi magana? Ko shi ma ɗan fari ne?"

Washegari bayan la'asar na jawo shi. Na daɗe riƙe da wayar iyafis ɗin kafin na zare ta. Na rage muryar sosai, na fara waƙar makaranta. Rediyon Baba na magana a zaure, sai na ji ya yi shiru. Inna na tankaɗe a ƙofar ɗaki, ba ta ɗago ba. Na zo inda nake kuskure, na yi shi, na koma farko.

Daga zaure Baba ya ce, "A ce ma waccan ta ƙara murya kaɗan. Awaki sun fi ta ƙara."