Karfasar Badaru Mai Hoto

Duk Boɗinga babu wanda bai san Badaru mai hoto ba. Biki ko suna, shi ne dai da tsohuwar kyamararsa a wuya, yana daka tsawa a tsaya cak. Idonsa na hagu tun yana yaro yake da yana, don haka da na dama yake cin abinci. Mutane kam suna tsaya masa. Kifi ne ya ƙi.

Tun ranar da ya ga karfasa ta yi tsalle da duku-duku a wani tafki cikin ƙasar Shagari, ya rantse sai ya kama ta a hoto. Ya yi ta zarya. In bai kunna filasha ba, hoton ya fito dishi-dishi. In ya kunna, ruwan ya maido masa hasken fari fat. Matarsa Tani ba ta raga masa: "Malam, maza na kawo kifi gida, kai kana kawo muna inuwatai!"

A shekarar ne Sarkin Ruwa ya sa wa tafkin doka, ba mai jefa koma sai ranar bikin su, wato kamun kifi na gayya. Kifi ya yi yawa, ɓarayi suka fara zuwa da tocila suna kashe masa ido suna kwasa. Samarin garin da ke bakin tafkin suka shiga gadi da gora. Badaru ya san da dokar sarai, amma taurin kai ya hana shi zuwa ya gaida Sarkin Ruwa. A cewarsa, ai shi ba kamu zai yi ba.

Wata rana bayan sallar asuba ya shiga ruwa har gwiwa, ya riƙe filasha a hannun hagu, ƙasa-ƙasa daga gefe. Karfasa ta ɓullo. Ya danna. Haske ya wulga.

"Ga shi nan! Ɓarawo na!"

Gorar farko a ƙeya ta same shi, ya kifa cikin taɓo. Maimakon ya kare kansa, bawan Allah sai ya rungume kyamara a ciki. Suka ja shi waje ta ƙafa, suka rufe shi da duka, mai shuri na yi, mai gora na yi. Ya buɗe baki zai faɗi sunansa, jini da laka suka cika shi. Maniru, shugaban masu gadin, ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke masa a fuska, daidai idon dama.

Sai da gari ya waye Maniru ya ga igiyar kyamara. Mutumin da ya ɗauki hoton aurensa ne kwance. Ya yar da gorar, ya ɗora hannu a ka yana salati, amma aikin gama ya gama.

Idon bai tashi ba. Kyamarar kuwa ko ƙwarzane babu, kuma hoton ya fito: karfasa a sama, baki buɗe, kowane ɗigon ruwa tas. Tani ta sa aka wanke shi babba, aka sa shi a gilashi, ta rataye a shagon Badaru da yanzu ƙanensa ke riƙe.

Har yau mutane na tsayawa kallo suna jinjina kai. Badaru yakan matso, ya kai idon hagu dab da gilashin, ya daɗe. Dishi-dishi yake gani, kamar sauran na baya. Sai ya juyo ya tambayi wanda ke kusa: "Don Allah hwaɗa min gaskiya, ta tsaya?"