Keken da Baba Wubbe Bai Kulle Ba

Wubbe Doornbos ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana walda a inda ake ƙera jiragen ruwa, har sai da gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Daga nan ya koma kula da makarantar firamare ta ƙauyensu, can arewacin Groningen a ƙasar Holan. Shi ne sharar ganye, shi ne gyaran famfo, shi ne sauko da ƙwallo daga kan rufi. Yara suna ce masa Baba Wubbe. Magana ba ta dame shi ba. Matarsa Aaltje takan ce ko ranar da ya nemi aurenta bai buɗe baki ba, ƙofar lambunsu kawai ya gyara, ya tsaya yana kallonta. Yana da wani tsohon baƙin keke da ya gada wajen ubansa, kuma ko ruwa ake ko iska, a kansa yake zuwa aiki.

A rumfar kekuna ya fara lura da Sietse, wani siririn yaro ɗan shekara goma. Yaron zai kulle kekensa, ya zare makulli, ya ja tayar, ya tafi. Kafin ya kai ƙofar aji sai ya dawo ya sake ja. Ya tafi, ya dawo. Ciwon waswasi ke gare shi. Zuciyarsa ce ke gaya masa in bai duba ba za a sace keken, uwarsa ta fito nemansa, mota ta buge ta. Shi kansa ya san zancen banza ne, amma sanin bai hana ƙafarsa juyawa.

Wani ɗan ajinsu mai ƙaton baki, Jurre, shi ya gano wasan. Sai ya bari Sietse ya zauna ya buɗe littafi, sannan ya ce, "Sietse, ka kulle kuwa?" Shi ke nan, yaro ya tashi ya fita cikin ruwa, aji ya kwashe da dariya. Malamarsu Hilde ta tara su da'ira, kowa ya faɗi yadda yake ji, aka zana takarda mai launi a kan zaman lafiya. Wubbe ne ya kafa ta a bango. Rana ba ta faɗi ba aka ci gaba da tsokanar, sai dai yanzu da raɗa.

Wubbe ya yi abin da ya iya. Ya ce wa Sietse ya tafi aji, shi zai riƙa duba masa. Abin ya yi kyau na ɗan lokaci, sai Sietse ya koma bin sa har ɗakin tsintsiya yana tambaya ko ya duba, ko ya tabbata, ko zai sake dubawa. Rannan uwar yaron, Marloes, ta sami Wubbe yana shan kofi a tsaye. Ta yi godiya, sannan ta roƙe shi ya daina. Likitan da ke ganin Sietse ya ce kowace dubawa abinci ce ga waswasin. Maganin shi ne ya kulle sau ɗaya, ya tafi, ya daure. Ta ce a gida yana ƙoƙari, amma nan ana tono masa abin kullum. In ba a ga sauyi kafin hutun hunturu ba, za ta cire shi daga makarantar, duk da yana kuka ba ya so.

Wubbe ya shanye kofinsa, ya koma bakin aiki. Washegari ya nemi iznin Malama Hilde, ya miƙa wa Jurre tsintsiya, ya ce daga yau tare za su riƙa share rumfa da safe, tunda bakinsa na son iska. Sannan ya turo baƙin kekensa ya jingina shi kusa da na Sietse, ya bar makullin a jiki.

"Baba, ba ka kulle ba," in ji Sietse.

"Na sani. In ɓarawo ya zo, nawa zai fara ɗauka. Kai ka kulle naka?"

"Na kulle."

"To mu tafi. Ni ba zan waiwaya ba, kai ma kada ka waiwaya."

Suka tafi tare, yaron na jan ƙafa, tsohon na ɗingishi. Haka suka riƙa yi kullum. Wata rana Sietse ya daure, wata rana ya kasa. In ya kasa, Wubbe ba ya faɗa, ba ya lallashi, sai ya tsaya ya jira shi.

Ana nan sai wata ranar Laraba aka tashi daga makaranta, babu baƙin keke. Ɓarawo ya zo da gaske. Sietse ya tsaya fuskarsa ta yi fari fat, yana jiran duniya ta tashi. Wubbe ya dubi wurin da babu komai, ya yi wani zagi da ya koyo a wajen walda, sannan ya zauna a kan benci ya fito da burodinsa da cuku.

"Yanzu me zai faru, Baba?"

"Zan tafi gida a ƙasa. Aaltje ta yi mini dariya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Bai ishe ka ba?"

Wubbe ya ji zafin rashin keken ubansa, ba a ce bai ji ba. A hanya ya tsaya a kan gada ya daɗe yana kallon ruwa. Aaltje kuwa ta yi dariyar har da riƙe ciki.

Da safe sai ga Baba Wubbe a kan keken matarsa, ja mai kwando, an naɗe hannun keken da furannin roba, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa. Yaran da ke filin makaranta suka zuba masa ido. Jurre, da tsintsiya a hannu, ya kasa riƙe bakinsa.

"Baba Wubbe, ka kulle kuwa?"

Aka fashe da dariya, har da Malama Hilde a taga. Wubbe ya lura Sietse ma yana dariya, har da hawaye, makullinsa na cikin aljihu, bai ko kalli kekensa ba. Sai tsohon ya ɗaure fuska, ya ce wa Jurre ya yi shararsa, ɗan nema.

Daga ranar maganar ta koma kan Wubbe. A makaranta, a shagon burodi, har limamin coci sai da ya tambaye shi ko ya kulle. Ya bar su. Da wani yaro ya sake gwada ta a kan Sietse, Jurre ne ya ce ta Baba ce, a bar masa kayarsa.

Hutun hunturu ya zo ya wuce, Marloes ba ta cire ɗanta ba. Waswasin bai tafi duka ba, yana nan yana leƙowa, musamman ran da yaron ya gaji. Sabon keke kuwa Wubbe bai saya ba, ya ce jan ya fi sauƙin hawa ga mai ciwon gwiwa. Sharaɗi ɗaya Aaltje ta kafa masa: ya kulle mata abinta. Yakan kulle, wani lokaci ma ya ɗan ja tayar ya gani. Sai Sietse ya kama hannun rigarsa.

"Sau ɗaya ake yi, Baba. Mu tafi."