Agogon Baba Suhaibu Mai Ƙararrawa

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyenmu, can cikin yankin Kazage, ya san Baba Suhaibu, kuma da yawanmu da tafin hannunmu muka fara saninsa. Shi dai bai taɓa ɗaga wa yaro bulala ba. Masinjan makaranta ne, aikinsa shara da kai saƙo da buga ƙararrawa. Amma da zarar ya buga ta bakwai da rabi, duk wanda ƙafarsa ba ta shigo fili ba ya san Hedimasta na jiransa a ƙofa. Ni kam na sha, don sai na kai awakin gidanmu bakin rafi kafin in ɗauki jaka. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, sai da na yi gemu na gane abin da ya yi mana.

Ƙararrawar ma ba ƙararrawa ba ce. Tsohon wilin mota ne aka rataye a reshen mangwaro, yana dukansa da guntun rodi. Sai dai hannu ya bambanta. Idan wani ya buga, ƙara ce kawai. Idan Baba Suhaibu ya buga, har rugar Fulanin da ke ƙetaren rafi ana ji, mata su san an fita tara, manoma su san rana ta yi.

Agogon kuwa asalinsa na Malam Timothy ne, hedimastanmu, mutumin kudancin Kaduna da ya shekara goma sha tara a garinmu har Hausarsa ta fi ta wasu iyayenmu. Baba Suhaibu bai yi boko ba. Malam Timothy ne ya koya masa karanta lokaci, yana zana masa da'ira a ƙasa da tsinke, dogon hannu nan, gajere nan, har ya iya. Kullum da safe hedimasta zai cire agogon ya ba shi, idan an tashi ya mayar. Ranar da Malam Timothy ya yi ritaya, an ɗora kayansa a akori-kura, Baba Suhaibu ya miƙa masa agogonsa kamar yadda ya saba. Sai Malam Timothy ya kama hannunsa ya ɗaura masa da kansa.

"Suhaibu," in ji shi, "ni in na koma gida zakara ya ishe ni. Kai ne kake da yara."

Wannan magana Baba Suhaibu ya faɗa mini ita ya fi sau ɗari, kuma bai taɓa kai ƙarshenta muryarsa ba ta canza ba.

Agogo ne irin na da, mai wani, wato wanda ake murɗawa da hannu, fuskarsa fara ta koma ruwan madara. Yana da doka. Bayan sallar asuba ake yi masa wani, murɗa ashirin, ba a ƙarawa don kada a tsinke masa zuciya. Da ƙarfe bakwai a daidaita shi da rediyo. Hedimastoci shida suka zo suka tafi bayan Malam Timothy, wayoyin hannu suka cika duniya, shi kansa Baba aka ba shi takardar ritaya. Ya karɓa ya yi godiya, washegari ya zo ya buga ƙararrawarsa. Babu wanda ya yi ƙarfin halin ce masa ya zauna a gida.

'Yan bindiga ne suka iya abin da takarda ta kasa. Shekarar da daji ya gagara, aka rufe makarantar, garin ya watse a cikin mako guda. Ni na kwaso kekena na ɗinki na dawo cikin garin Birnin Gwari. Baba Suhaibu kuma 'yarsa Juwairiyya ta ɗauko shi, gidan mijinta katanga ɗaya da shagona. A hanyar fitowa ya cire agogon ya cusa a cikin hula, don lokacin ana cewa duk wanda aka tare aka ga abu na ƙyalli a hannunsa, mai kuɗi ake ɗaukarsa. Tun daga ranar bai sake ɗaura shi ba. Fatar agogon ta tsage, hannunsa ma ya rame. Ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a gwangwanin madara, gwangwanin a aljihun gaba.

Amma wanin bai fasa ba ko sau ɗaya. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, agogon da ba a ɗaurawa, wahalar me ake yi masa?"

Ya harare ni. "Kai dama tun kana yaro ba ka san darajar lokaci ba. Ranar da aka buɗe makaranta, da me zan buga? Da wannan wayar taku da ke mutuwa kafin azahar?"

Abin da yake jira ke nan. Ba gona ba, ba gida ba, don gidan ma damina ta riga ta cinye shi. Komawa ƙarƙashin mangwaron nan yake jira, rodi a hannu.

Yanzu zan faɗi laifinmu, don da ni a ciki kuma har yau ina jin kunyarsa. Yanar ido ce ta rufe wa Baba gani sannu a hankali. Kullum yana zaune a bencin ƙofar shagona, zai buɗe gwangwani ya kai agogon kusa da hanci ya ce, "Tara saura minti biyar, yanzu da an kusa fita tara." Mu duba waya mu ga goma ta gota. Agogon lafiyarsa lau, idon ne ba ya rabe dogon hannu da gajere. Me muke cewa? "Haka ne, Baba." Ni na faɗa, Juwairiyya ta faɗa, mai shayin gefenmu ya faɗa. Wa zai dubi dattijon da ya shekara arba'in yana faɗa wa gari lokaci ya ce masa ya yi kuskure? Mu a ganinmu ladabi muke yi. Fiye da shekara muna yi masa wannan ladabin, shi kuwa yana ta shirin komawa aiki.

Sai ga shi abubuwa sun ɗan lafa, mutane suka fara komawa ƙauye da kaɗan-kaɗan, su share gona su gyara rufi. Aka ce za a buɗe aji biyu. Wadda za ta riƙe su Malama Bushira ce, ita ma 'yar garinmu, ta biyo bayanmu a makarantar da shekara goma, mijinta manomi ne da ya ƙosa ya koma. Ta zo shagona karɓar ɗinki ana jibi za su tafi. Da ta ga Baba a benci ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

Ai kuwa kamar jira yake. "'Yata, na ji labari. Ni a shirye nake. Ku ajiye mini wuri a mota, ko a saman buhuna ne."

Bushira ta kalle ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina neman zaren da bai ɓata ba. Ta ce, "Baba, hanyar ba daɗi, ga jiki ya yi nauyi."

"Jiki ne zai buga ko hannu? Can babu sabis, babu wutar caji. Da me za ki san lokaci?" Ya ciro gwangwani, ya kwance ƙyalle, ya kai agogon kusa da ido. "Kin gani, ko minti bai ɓata ba. Yanzu sha ɗaya da minti biyar."

Bai rufe baki ba ladanin masallacin kasuwa ya kira azahar.

Ni na tsayar da keke. Baba ya saurara har aka kai ƙarshen kiran, agogon na tafin hannunsa. Na buɗe baki zan ce ladanin nan dama gaggawa gare shi, Allah Ya taimake ni ban faɗa ba.

Ya miƙa wa Bushira. "Malama, ke ba kya yi wa yara ƙarya, kada ki yi mini. Me ya nuna?"

Hawaye sun riga sun cika mata ido. Ta ce, "Ɗaya saura minti biyar, Baba."

Ya juyo wajena, duk da na san inuwata kawai yake gani. "Tun yaushe?"

Na ce, "An kwana biyu, Baba."

"Tun yaushe, na ce."

"Tun kafin azumin bara."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya karɓi agogonsa ya naɗe, ya tashi ya lalubi butarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Da na je na tara 'ya'yan mutane a kan lokacin ƙarya, da kun ce haka ne, Baba." Ranar bai dawo benci ba, washegari ma haka. Juwairiyya ta ce tuwon ma kaɗan ya taɓa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Ranar tafiya da hantsi sai ga shi ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi tasha. Na ɗauka rigimar shiga mota za a yi. A hanya ya sa muka tsaya wajen baduku, aka yanka sabuwar fata aka sa wa agogon, ya ce a ƙara huji biyu don hannun mace ne.

Mun tarar ana ɗaure kaya a kan motar, buhunan iri da katifu da allo guda da aka yi wa sabon fenti. Ya sa aka kira Bushira. Bai yarda ya miƙa mata a hannu ba, sai da ya lalubi wuyan hannunta ya ɗaura da kansa, ya kasa samun hujin har sau uku. Babu wanda ya taya shi, kuma daidai ke nan.

"Murɗa ashirin bayan asuba," in ji shi. "In kin ji ya fara tauri ki tsaya. Kada ki wanke hannu da shi. In wilin yana nan, a gefe ake dukansa, ba a tsakiya ba, a nan muryar take. Wanda kika sa ya buga, ya buga da ƙarfi, yaran ruga daga nesa suke tahowa."

Ta ce, "Baba, aro na karɓa. In an yi hutu zan kawo maka."

"A'a. Ni ma ba aro aka ba ni ba."

Ta durƙusa tana kuka a gaban mutane, direba na ta danna ham. Ya ce ta tashi, Allah Ya tsare hanya, Ya kuma tsare yaran. Muka tsaya har ƙarar motar ta ɓace, don shi da kunne yake rakiya.

Muna dawowa muka shiga zauren gidan Juwairiyya. Ɗakin da aka sauke shi shekara huɗu yana yoyo, mijin Juwairiyya ya yi ya yi a gyara, Baba kuma ya hana, wai baƙo ba ya sa a yi masa ɓarnar kwanon rufi. Ya ƙwalla wa 'yarsa kira, ta fito da ludayi a hannu.

"Juwairiyya, ki gaya wa maigidanki ya kira kafinta kafin ruwa ya sauka," in ji shi. "A gyara rufin nan da kyau. Ni da ɗakin nan sai ranar da aka fitar da ni."