Shekarar da Kowa Ya Jira Babbansa

A duk matsalolin da suka gagari masana, babu kamar a sa gida talatin su yarda da rana ɗaya. Na sani, don abin da nake koyarwa ke nan a kwaleji: yadda kwamfutocin da ke warwatse suke tattaro saƙo su tsayar da magana guda.

Saboda haka da Baffa, yayan mahaifina, ya kira ni, ban ji ɗar ba. Tun da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu dangi suka watse, wasu Bebeji, wasu Kiru, wasu har Doguwa. Ga shi idon Baffa ya fara dushewa.

"Malam, so nake in ga kowa a tsakar gidan nan rana ɗaya, tun ina bambance fuska. Ka jiyo mini ranar da ta yi musu."

Na zana abin a takarda kamar bishiya. Kowane gida ya faɗa wa babbansu, manyan su faɗa mini, ni in kai wa Baffa. A kan allo wannan tsari bai taɓa ba ni kunya ba.

Sati uku shiru. Na buga wa ƙanena na Doguwa.

"Haba Yaya, ni wa da zan sa rana alhali Baba Ƙarami bai yi magana ba?"

Na buga wa Baba Ƙarami, ƙanen Baffa.

"Kai ɗan boko, Yaya yana zaune zan yanke rana? Ya faɗa mu bi."

Baffa kuwa ya ce ba zai takura wa kowa ba, ta bakinsu yake jira. Wannan cuta tana cikin littafi: kowace na'ura na jiran 'yar'uwarta har a ɗauke wuta. Ina cikin yi masa bayani ya ce in matso, wai a idonsa hancina ya fara haɗewa da gemuna.

Gwaggo, ƙanwarsu, tana gefe tana jinmu. Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ta tare wani ɗan acaɓa ta ba shi saƙo ya baza wa dangi: ta jiƙa shinkafar waina kwano goma, jibi za ta soya, wanda bai zo ba alhakin abinci a wuyansa.

Ranar suya har zaure sai da ya cika. Baffa ya kira kowa da sunansa, biyu kawai ya kuskure.

Kwana shida da watsewa amsa ta farko ta shigo wayata. Ƙanena ne, ya ce kowace rana ta yi masa.