Ranar da Matar Itace Ta Kasa Kiran Suna

A garinmu, gabas da Maraɗi, idan an kai hatsi rumbu sanyi ya sauko, wutar kakata Dije muke zagayewa. Kowane ɗaki da murhunsa, amma ta yara tata ce, a ƙofar ɗakinta, kusa da turken akuya. Kara take sawa da ɗan kututture, ta binne gyaɗa cikin toka, ta ce wanda ya yi gyangyaɗi rabonsa na maƙwabcinsa ne. Ba ta buɗe baki sai ta ga kowa ya naɗe ƙafa. Sannan ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo, tabarma na shimfiɗe."

Na zaci na bar wannan wuta har abada ranar da aka ɗauko ni a jirgi aka kawo ni Greensboro ta ƙasar Amurka, wurin ɗana na fari. Gidan bene ne a bayan titin High Point. A nan ba a hura wuta a ɗaki. Ko turare na sa a kasko, sai wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu kamar an taka wutsiyar kare. Abin da yara ke zagayewa shi ne tele.

Jikata Zuwaira ba ta kai shekara goma ba a lokacin. Duk Asabar da yamma tana da katun ɗinta na mutanen Japan, masu idanu kamar na ɗan maraƙi. Wani saurayi ne da wata yarinya da aka ƙera da ƙarfe, robot suke ce mata. Ba na jin abin da suke faɗa, amma ina da ido. Ta dafa masa abinci ta ƙone tukunya, ta rungume shi ƙashinsa ya yi ƙara, duk inda ta hango shi ta ƙwala masa kira. Zuwaira ta yi ta dariya har ta zame daga kujera.

Sai na lura jikar tawa tana ja da baya da ni. In na kira ta kitso, ta ce tana da aikin lakwal, wato makaranta. Furar da take sha a hannuna ta daina. Wata Asabar na zauna kusa da ita.

"Ke 'yar nema, me na yi miki?"

Ta amsa da Turanci. Uwarta ta ɗaga murya daga kicin ta ce a yi wa Kaka Hausa. Sai ta shiga ɗauko kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu.

"Kaka, ke ba ki son Dadi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba ki taɓa faɗin sunansa ba. Sai ki ce wancan, sai ki ce yaron nan. In ya shigo ki kalli bango. Ko wannan," ta nuna tele, "ƙarfe ce, amma tana kiran sunan wanda take so."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kamar yadda mace ba ta kiran sunan mijinta. Ban taɓa zaton abin na bukatar bayani ba, bayanin kuwa ba ni da shi. Abin da nake da shi tatsuniyar Dije ce. Na ce ta rage muryar tele, ta naɗe ƙafa.

Wai an yi wani masassaƙin turmi, sunansa Tanko, gwauro ne. Kaɗaici ya ishe shi, ya sami gungumen ƙirya ya sassaƙa mace, da kitsonta da komai. Da gari ya waye sai ya ji daka a tsakar gida. Matar itace ce ta tashi. Ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta ciwon baya. Aibinta ɗaya: ran kasuwa in ta kai masa abinci, tun daga bakin gari take kira, "Tanko! Tanko! Ga tuwonka, Tanko!" Mahauta su fashe da dariya, tsofaffi su rufe baki da gefen mayafi. Ya ja ta gefe ya ce don Allah ta rufa masa asiri. Ta ce, "Ba sunanka ba ne? Ko wani ka ara?"

A nan Dije kan maƙe murya ta yi ta "Tanko, Tanko," har akuya ta amsa, mu kuma mu kwanta da dariya.

Sai ɗari ya shigo mai tsanani. Jikin matar ya fara tsagewa, kamar yadda itace ke yi. Tanko ya riƙa zama yana shafa mata man kaɗe a dugadugai. Kowa a garin ya hura wuta a ɗakinsa, shi kaɗai bai hura ba. Ya kwana yana kaɗuwa har haƙoransa na bugun juna, tari ya kama shi. Matar ta tambayi wata tsohuwa a bakin rijiya, me ya sa ɗakinsu kaɗai ba hayaƙi. Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ke itace ce, an kuma shafe ki da mai. Tartsatsi ɗaya ya ishe ki."

Ran kasuwa ta ɗauki tuwo. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suna jiran dariyarsu. Ta zo bakin gari ta buɗe baki, sunan ya tsaya a wuya. Ta sake gwadawa, ya ƙi fita. Ta sunkuyar da kai, ta je wurin mai gishiri ta ce a hankali, "Ko kin ga... ko kin ga shi?" Tsohuwar rijiya ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ku zo ku gani, itace ya yi zuciya!"

Na tuna yayana ya tambaya, ashe da can ba ta son shi? Dije ta tono gyaɗa daga toka ta ce, "Kalangu ma tun safe yake kiran sunan mutane, don cikinsa fayau ne. Abin da ya yi nauyi a ciki, da ƙyar yake hawowa baki. Na sauke baƙuwa a nan, mai ƙarfi ya ɗauka."

Zuwaira ta murtuke fuska.

"To ni fa? Kullum Zuwaira, Zuwaira. Ni ce ba ki so ke nan?"

"Ke jika ce. Kunyar duka na ƙarar a kan ubanki, ke tsiya ce ta rage miki."

Ashe ubanta ya dawo daga aiki, yana bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi, aikin da bai kamata ya ɗauke shi tsawon wannan lokaci ba. Ta ruga ta kama hannunsa ta ce, "Dadi, Kaka ta ce son ka ne ya yi mata nauyi!" Ya yi gyaran murya, ya juya yana duban agogo. Yarinyar ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Mama, zo ki gani, Dadi ma yana kallon bango!"

Washegari ta kawo kanta kitso ba a kira ta ba. Ran Asabar ɗin da katun ɗin ya zo ƙarshe kuwa, ina ɗaki na ji kira, "Kaka, yi sauri!" Ga yarinyar ƙarfe tsaye gaban saurayin, kumatunta sun yi ja, hayaƙi na fita ta kunnenta, baki na motsi ba magana. Zuwaira ta yi tsalle a kan kujera. "Ta kasa, Kaka! Ta yi zuciya!"

Yanzu mun koma Summerfield, akwai fili a bayan gida, ana hura mini wuta in sanyi ya zo. Nakan zauna in tuna Dije. Ita ta yi tatsuniyar ne don mu yi dariya, domin a garinmu kowa ya san abin da shiru ke faɗa. Sai da na ƙetare teku na gane shiru ma yakan bukaci tafinta. Zuwaira ta zarce ni tsawo, tana gaya wa ubanta tana son sa da babbar murya ko a waya, ban kuma taɓa hana ta ba. Amma da yamma in ta ji ƙarar motarsa, sai ta leƙo ta rage murya ta ce, "Kaka, ga wancan ya dawo." Ni kuma in gyara mayafi, in juya wa wuta fuskata, in ce alhamdulillahi.