Benson da Kujerar Baba Filibus

A unguwar Television, in ka bi layin masu gyaran firji ka wuce mai sayar da doya, akwai wani shago da ba a cika samunsa a buɗe ba. Na Benson ne. Ba rashin aiki ke rufe shi ba. Mai shagon yana gidan wani, zaune a falo, ya harɗe hannu yana saurare.

Sana'arsa haɗa wa mutane kayan sauti da na kallo a gida: talabijin a bango, lasifika a kusurwa, waya ta bi cikin silin kamar jijiya a jiki, ba a ganinta amma ita ke ɗauke da rai. A cocinsu ya faro, shi ke kula da makirfo ranar Lahadi. A can ya gane cewa ɗaki ma yana da murya. In coci babu kowa ka tafa hannu, sautin zai zaga ya dawo maka kamar akuyar da ta san gida. In ya cika da mata da zannuwansu, sautin zai nutse kamar ruwa a rairayi. Daga nan ya ɗauki wata al'ada: ba ya huda bangon kowa sai ya yi wuni uku a gidan. Zai tafa hannu a kowane lungu, ya auna, sannan ya zauna ya ga wa ke zama a ina, wa ke riƙe rimot, ta wace taga rana ke shigowa. Abokan sana'arsa suna cewa tuwon mutane yake bi. Shi kuwa yakan ce tela ba ya yanka yadi sai ya ga mai riga. Zancen tuwon dai ban taɓa jin ya musa ba.

Bara da damina wata ma'aikaciyar jinya mai suna Vicky ta kira shi daga Abuja. Tana so a haɗa wa mahaifinta, Baba Filibus, kaya a gidansa na Trikania. Har ta rubuto abin da take so: talabijin mai faɗin ƙofa, lasifika bakwai, da wata ƙatuwa mai girgiza ƙasa.

Kafin Benson ya ga gidan, ya ji shi. Tun daga kwanar layi labaran safe suka tarye shi. Baba Filibus na zaune a wata tsohuwar kujerar kushin mai kunnuwa biyu a gefen kai, rimot a hannu, gilashin taga na rawa. Duk abin da Benson ya faɗa, amsa ɗaya ce: "To, to, madalla."

Matarsa, Mama Rebecca, tana can bayan kicin, iyakar inda katanga ta bar ta ta kai, tana tsince acca a faifai.

"Ɗana, kai ne za ka ƙara masa lasifika bakwai?"

"Haka Vicky ta rubuta, Mama."

"To ka gaya mata, ranar da ka kunna su, ranar zan hau motar Zonkwa, garinmu. Jakata na nan a ɗaure. Shekara arba'in muna zama tare a falon nan, yau shekara biyu ke nan ban sa ɗuwawuna a ciki ba. Kaina kamar ana daka gero."

"Kin gaya masa, Mama?"

"Na gaya masa. Ya ji?"

Baba Filibus ya yi shekara ashirin da shida a gaban injin saƙa a wata masaƙa ta Kakuri. Masaƙar ta rufe, amma ƙarar injin ta tafi da rabonta na jinsa. Sai dai ba a isa a faɗa masa ba, don shi ne ya daɗe yana ba da waƙa a kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, kuma mai ba da waƙa ba ya yarda kunnensa ya tsufa. A wurinsa laifin na talabijin ne, da masu karanta labarai na yanzu, waɗanda ke magana ciki-ciki kamar an hana su karin kumallo.

Rana ta biyu Benson ya tsaya a bayan kujerar ta hagu, ya saki tarin makullai a kan tayil. Baba bai motsa ba. Ya koma ta dama ya ƙyasta yatsa. Baba ya waiwayo ya ce, "To, to, madalla." Benson ya tsince makullansa. Rana ta uku, bayan ya gama da kwanon fate, ya fita waje ya kira Vicky ya karanta mata tsarinsa. Lasifika uku, ba bakwai ba. Mai girgiza ƙasa, babu.

"Oga Benson, raina mu ka yi ne?"

"Anti, ki bari in gama. Ƙasan tayil ne, bango tsirara, sauti sai tsalle yake. Ina so a shimfiɗa kafet, a sa labule mai kauri. Talabijin ba za ta fuskanci taga ba, rana za ta cinye hoton. Za ta koma ɗaya bangon, daidai idon mutum in yana zaune. Sai babban aikin: wata 'yar lasifika kamar sabulun wanka, zan sa a ɗinke ta cikin kunnen kujerar Baba na dama, wayarta ta bi ƙarƙashin kafet. Rimot ɗinsa ita kaɗai zai riƙa ƙara wa murya. Ya danna har yatsansa ya gaji, falo ba zai sani ba. Na falon, Mama zan ba. Amma kada ki gaya masa."

Vicky ta ce, "Ni da na karanta jinya, ban taɓa iya gaya masa zancen kunnensa ba. Yi."

Aka ce wa Baba kujerarsa ta yage a baya. Benson ya kai ta Tudun Wada wurin wani mai kushin da ake kira Friday, ta kwana biyu ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Ranar Juma'a aka yi gwaji. Sauti ya fito a falo a hankali, kamar ruwan sama na farko a kan ganyen masara. Baba ya jingina, fuskarsa ta buɗe.

"Kun gani? Ban ce muku tsohuwar talabijin ce ba ta da murya ba?"

Mama Rebecca ta leƙo daga ƙofa. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Za mu gani." Aka kashe, aka lulluɓe talabijin da zani, don a gidan nan ba a fara morar sabon abu sai an yi masa addu'a.

Asabar da hantsi Vicky ta iso, Rabaran Nicholas, limamin cocinsu, ma ya iso da littafinsa a hammata. A nan ne abin da Benson bai gani ba cikin wuni ukunsa ya fito fili, don a kwanakin babu babban baƙon da ya zo. Baba Filibus ya miƙe, ya kakkaɓe kujerarsa da hula, ya nuna ta da hannu biyu.

"Rabaran, nan ne wurinka."

Benson ya dubi Vicky, Vicky ta dubi silin. Wa zai tayar da Rabaran daga kujerar da maigida ya ba shi? Baba kuwa ya koma can ƙarshen benci, kunnen hagu na fuskantar talabijin, rimot ɗinsa a hannu.

Aka yi addu'a, aka yaye zani, Vicky ta sa bidiyon kwayarsu ta bikin godiyar kaka. Baba ya ga bakuna na buɗewa, bai ji komai ba. Ya danna. Ya ƙara dannawa. Falo shiru-shiru, waƙa na tafiya a natse. Rabaran kuwa ya fara karkata kai hagu kamar wanda iska ke turawa. Mutum ne mai kunya, ya ɗauka kowa haka yake ji, ya daure. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ga ya kamata ya yaba, sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken kogi:

"WAƘAR NAN TA YI KYAU!"

Kowa ya juyo ya dube shi. Baba ya ci gaba da dannawa. Daidai nan masu ganga suka shigo cikin waƙar.

"Yesu Mai Ceto!" Rabaran ya yi tsalle, kofin lemo ya kife a sabon kafet. "Baba Filibus, akwai wani abu a cikin kujerar nan! Ku ja da baya!"

Baba bai ji shi ba. Ya jefar da rimot a benci ya ce, "Benson, aikinka ya kwana ɗaya ya mutu. Ba na jin komai. Je ka kawo bakwai ɗin da Vicky ta ce tun farko."

Mama Rebecca ta gyara ɗaurin zaninta, ta shiga ɗaki. Da ta fito, jakar na hannunta.

Benson ya rage sautin, ya je ya durƙusa ta daman Baba. Ya so ya yi raɗa, amma raɗa ba ta shiga wannan kunnen. Dole ya buɗe maƙogwaro, asirin da ya ɓoye mako biyu ya faɗe shi da muryar da har maƙwabta suka ji: inda lasifikar take, da dalilin da ya sa take wurin.

Baba Filibus ya tashi a hankali, ya je ya shafa kunnen kujerar har yatsansa ya sami wurin. Ya zauna, Benson ya miƙa masa rimot ɗinsa. Ya jingina. A bidiyon, wani dattijo mai farar riga yana ba da waƙa, kwaya na amsawa. Shi ne, shekarun baya. Ya saurara har baitin ya ƙare.

"Wato kunnena ka zo aunawa, ba falo ba."

"E, Baba."

"Na dama."

"E, Baba."

"Na hagun fa?"

Daga bakin ƙofa Mama Rebecca ta ce, da ƙarfi yadda zai ji, "Na hagun ya riga ka yin ritaya!"

Vicky ce ta fara fashewa, sai Rabaran, yana murza kunnensa. Baba ya riƙe fuska iya ƙarfinsa, amma kafaɗunsa suka tona shi.

"Rabaran, ka gafarce ni," in ji shi. "Daga yau ko Bishop ne ya zo, benci zai zauna." Ya juya wajen ƙofa. "Rebecca, ina za ki da jaka ana tsakiyar waƙa? Ajiye. Zo ta nan, ta dama."

Ta ajiye jakar a bakin ƙofa, ta jawo kujera kusa da tasa ta zauna. Ta saurara, ta taɓa hannunsa ta ce, "Rage kaɗan, ina jin taka daga nan."

Ya rage.