Na Jirgi ko Na Rijiya

Yayana Hussaini bai taɓa sayen ko da buta ba sai ya jera uku ya duba gindinsu. Malamin dabbobi ne, yana zaune a Dutse, aikinsa bin rugage tsakanin Taura da Garki da akwatin allura a bayan babur. Tun yana yaro mahaifinmu Baffa, Allah ya jiƙansa, yake tafiya da shi kasuwar shanu. Ya koya masa buɗe bakin saniya ya duba haƙora, ya sa a ja ta ya ga tafiyarta, sannan ya juya baya kamar ba ya so. Baffa a kan shanu ya tsaya. Hussaini kuwa ya ɗauki darasin ya shimfiɗa shi a kan komai na duniya, har takalmin roba. Matarsa Munira takan ce ranar da ya fara zuwa zance wajenta ta zaci zai ce ta buɗe baki.

'Yan biyu ne, shi da Yaya Alasan. Ni na biyo su, shi ya sa ake ce mini Gambo, Lauratu sai a takardar makaranta. Kama dai suna kama, amma halinsu ya yi hannun riga. Alasan malamin lissafi ne a wata sakandare, ga surutu ga dariya, kuma tun yana ƙarami ba shi da zance sai na taurari da masu hawa kumbo. Hussaini kuwa kalmominsa kamar da kuɗi yake sayen su.

Akwai wata doka a gidanmu da ba ta shafi kowa ba sai su biyu. Suna yara suka yi dara a gindin tsamiya, Alasan ya ci, suka kaure da faɗa. Washegari Hussaini ya tashi da zazzaɓi mai zafi. Kakarmu ta ce ai 'yan biyu ba a haɗa su gaba, in ɗaya ya yi fushi sai ya koma inda ya fito. Limamin garinmu ya ce wannan camfi ne. Inna ta ce ta yarda camfi ne, amma kuma ta hana. Daga ranar ba su sake zama ɓangare biyu a wani wasa ba. In ƙwallo ce suna gefe ɗaya. Ko ludo, launi ɗaya suke riƙewa, wannan ya jefa, wancan ya tura. Sun yi gemu, sun yi 'ya'ya, ba wanda ya tuna musu dokar, amma ba su karya ta ba.

Bara ƙafafun Alasan suka fara kumbura. Aka yi ta cewa tsayuwar aji ce, har aka gano ƙoda ce, duka biyun. Aka fara kai shi wankin ƙoda sau biyu a mako. Da likita ya yi maganar dashe, Hussaini bai bari ya rufe baki ba ya ce a ɗauki tasa. Wannan ne karo ɗaya tak a rayuwarsa da na ga ya yanke shawara bai duba gindin komai ba. Suka tafi Kano gwaji. Aka tarar shi ma yana ɗauke da ciwon hanta wanda bai taɓa sani ba, ba za a iya ɗauka ba. Ni jinina bai zo daidai ba. Sauran dangi kowa da abin da ya hana.

Ranar da suka dawo na je gidan ina shirin rarrashi. Na tarar da Hussaini yana cin tuwo. Ya cinye, ya wanke hannu, ya tambayi Munira ko an kawo wuta. Washegari ya hau babur ya tafi yi wa shanu allura. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba, bai ma yi tsaki ba. In ka yi masa magana zai amsa, amma kamar mai amsawa daga cikin wani ɗaki.

Wasan nan Alasan ne ya tono shi. Wankin ƙoda zama ne mai tsawo, mutum yana kwance da tiyo a jiki, ba abin yi sai waya. A nan ya ga wasu mutane suna wani wasa na allo, da kati da 'yan mutum-mutumi ƙanana. Abin da ya ja shi, masu wasan ba sa yaƙar juna. Duk gefe ɗaya suke, wasan da kansa shi ne abokin gaba, in an ci an ci tare, in an faɗi an faɗi tare. Kuma labari ne mai ci gaba. Inda aka tsaya yau, nan za a ɗora a zama na gaba, abin da aka rasa kuma an rasa shi ke nan.

Ya miƙa wa Hussaini wayar yana dariya, ya ce, "Usaini, ga wanda Inna ba za ta hana ba. Nemo mana."

Hussaini ya nemo. Wani kanti a Abuja yana da iri biyu, za su iya sawa a mota a karɓa a tasha. Ciwon ya riga ya lashe abin da ke hannun kowa, ɗaya kawai za a iya saya. Sunayensu na Turanci sun yi mana nauyi a baki, sai muka raɗa musu namu. Na jirgi, labarin wasu mutane ne da kumbonsu ya ɓace a tsakanin taurari suna neman hanyar gida. Na rijiya kuma wasu ne a wata busasshiyar duniya suna haƙa neman ruwa kafin tankinsu ya ƙafe.

Sai aka shiga dubawa. Na rantse ko mai kantin bai san kayan nan kamar Hussaini ba. Ya san wanda kwalinsa ya fi kauri, zai jure zafinmu. Ya san wanda allonsa zai zauna a kan ɗan teburin gadon asibiti. Ya san na rijiya akwai 'ya'yan jefawa irin na ludo a ciki, kuma dattawa suna gani za su ce caca ce. Ya san Turancin na jirgi ya fi wuya, amma ana iya naɗe shi a tsakiya in mara lafiya ya gaji. Yakan zauna a tsakar gida bayan la'asar yana kallon bidiyon masu bayani, wani ya yaba wannan, wani ya kushe shi. In na je sai ya karanto mini duk wannan da murya ɗaya, irin wadda yake gaya wa makiyayi yawan maganin tsutsa.

Duk ranar wanki Alasan zai ce, "An sayo?"

Shi kuma ya ce, "Ana dubawa."

Damina ta yi nisa, duwatsun Dutse suka yi kore, ana dubawa. A tsakanin nan likita ya daina yi mana dogon bayani. Ya koma cewa mu yi ta addu'a, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san wannan maganar. Alasan ya rame, dariyarsa ta gajarce. Ni kuwa haƙurina ya ƙare, dama ba wani mai yawa ba ne.

Wata Juma'a na sami Hussaini yana wanke kayan allurarsa a bakin famfo, wayar tana jingine da bokiti, wani Bature yana ta zuba a kan na jirgi. Na kashe ta.

Na ce, "Yaya, wai sa za ka saya ne ko kwali? Bawan Allah nan abu ɗaya ya roƙe ka. Ka rufe ido ka ɗauki kowanne mana!"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na rijiya zama goma ne a gama. Na jirgi ya kusa sittin."

"To sai me?"

"In na kai masa gajeren, na gaya masa ke nan. In na kai masa dogon, na yi masa ƙarya. Kin san malamin lissafi ne, Gambo. Yana duba bayan kwalin zai gane."

Ya ci gaba da ɗauraye sirinji. Na tsaya a kansa da sauran faɗan a bakina, na rasa inda zan ajiye shi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na kunna masa wayar na fita.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta zo daga Taura da ƙwaryar nono, duk da ta san an hana Alasan sha. Ta ce ba za ta zo hannu rabbana ba. Muka taru a gidansa, an ɗauke ruwa ke nan, yana kishingiɗe a tabarma an tokare shi da matashi. Inna ba ta kiran sunansu, Babba da Ƙarami take cewa. Ta dubi Hussaini da ke lanƙwashe a kan waya ta ce, "Ƙarami, wai me kake nema a cikin abin nan da ba ya ƙarewa?"

Alasan ya ce, "Wasa ne, Inna. Na gefe ɗaya."

Ta ce, "To," ta gyara mayafi.

Sai Alasan ya miƙa hannu. "Ba ni in gani."

Hussaini ya ba shi. Ya daɗe yana kallon hotunan biyu, yana kai yatsa yana dawowa. Na ga inda idonsa ya tsaya, na san ya ga goman, ya ga sittin ɗin. Ya kife wayar a ƙirjinsa.

"Usaini, tambaya ɗaya. A cikinsu wanne ne in mutum ya tashi ana tsakiyar labari, wani zai iya zama a gurbinsa a ci gaba?"

"Na jirgi. Sabon mutum zai gaji katunan wanda ya tashi, da duk abin da ya tara."

Hussaini bai karɓi wayar ba, bai yi jim ba, bai ce bari ya duba ba. Amsar tana nan a bakinsa a shirye. Duk bayanin da ya yi ta karanto mini, kaurin kwali da faɗin allo, wannan bai taɓa faɗa ba, ashe ya riga ya duba shi shi kaɗai. Suka kalli juna. Na ga Alasan ma ya gane hakan, kuma bai ji haushi ba, kai kawai ya gyaɗa.

Ya ce, "To shi za ka saya. Yau, ba gobe ba."

Hussaini ya karɓi wayar, ya kira mai kantin, ya ce a sa na jirgi a motar safe. Ya faɗi sunansa, ya faɗi tashar, ya yi godiya. Muryarsa ba ta motsa ba.

Alasan ya ja jikinsa da ƙyar, ya matsa gefen tabarma, ya buga wurin da ya bari da tafin hannu.

"Gambo, zo nan kusa da ni. Kunna mana bidiyon, Usaini. Gara ta fara koya tun ina nan in nuna mata."

Inna ta tashi ta ce za ta duba nonon kada ƙuda ya faɗa, alhali a rufe yake. Ni ban taɓa ƙin wurin zama a rayuwata kamar wannan ba. Na cire takalmi, na zauna.